Me ya sa mura ke kayar da maigida ta bar uwargida a tsaye?

Tambaya: Assalamu alaikum. Daga wani ƙauye nake a ƙasar Ringim. A hunturun da ya wuce mura ta zagaye gidanmu. Ni da abokiyar zamana kwana uku muka yi muka miƙe, amma maigida, mai shekara 58 kuma mai ciwon suga, sai da aka kwantar da shi aka sa masa iska. Ƙanwata mai cikin wata bakwai ita ma ta sha wuya ƙwarai. 'Yata da ke makarantar koyon aikin lafiya ta ce sinadaran jikin mace ne ke kare ta, wani kuma ya ce maigida ya yi allurar ƙarin ƙarfin maza kafin sanyi ya dawo. Ina gaskiyar take? In kuwa jikin mace ya fi juriya, me ya sami ƙanwata?

Amsa: Wa alaikumus salam Hajiya. Allah ya ƙara wa maigida da ƙanwarki lafiya. 'Yarki ta kama gaskiya, sai dai ta gefe ɗaya ta kama ta. Shawarar allura kuwa a jingine ta tun yanzu, zan zo kan dalili.

Abin da kika gani a gidanki an gan shi a lissafin duniya. Lokacin korona an tattara bayanan mutane fiye da miliyan 3 daga ƙasashe da dama, aka wallafa sakamakon a mujallar Nature Communications a ƙarshen 2020. Wajen kamuwa, maza da mata kunnen doki suka yi. A tsanani aka rabu: yiwuwar a kai namiji ɗakin gobe-da-nisa ta kusa ninka ta mace sau uku, haɗarin mutuwarsa kuma ya ɗara nata da kusan kashi 40 cikin ɗari. Tun kafin korona ma an ga haka. A annobar SARS ta 2003 a Hong Kong, kusan kashi 22 cikin ɗari na mazan da suka kamu sun rasu, mata kuwa kashi 13.

Sinadaran da 'yarki ke nufi su ne homon. Homon ɗan aike ne: wata gaɓa ce ke zuba shi cikin jini, ya tafi ya isar da saƙo ga wata. Uku ne suka shafe mu, istrojin da furojestaron waɗanda ma'ajiyar ƙwan mace ke samarwa, da testostaron wanda 'ya'yan marainan namiji ke samarwa. Kowa na da ukun a jikinsa, yawan ne ya bambanta. Testostaron ɗin jinin namiji baligi ya ninka na mace fiye da sau goma. Aikinsu bai tsaya ga al'ada da ciki da gemu da murya ba, domin ƙwayoyin garkuwar jiki ma suna jin saƙonsu kuma suna bi.

Idan bairas, wato ƙwayar cutar da ke kawo mura, ya sauka a hanci ko maƙogwaro, kwana biyu zuwa ukun farko ne ke yanke hukunci. Ƙwayoyin da suka fara ganinsa kan saki wani sinadari mai suna intaferon, wanda aikinsa tamkar ihun ɓarawo ne da tsakar dare: maƙwabta su farka, kowa ya danne ƙyaurensa, samari su fito da gora. In ihun ya fita da wuri, bairas zai tsaya a hanci, a yi atishawa da majina da ɗan zazzaɓi a wuce. In ya makara, bairas ya riga ya gangara huhu ya hayayyafa, sannan garkuwar jiki ta taso a fusace ta hau duka ba ji ba gani, 'yan jakunkunan iskar huhu su kumbura su cika da ruwa. A nan ne numfashi ke sarƙewa har a nemi tukunyar oksijin, kamar yadda aka yi wa maigida.

Jikin mace yakan riga na namiji yin wannan ihu, kuma dalili biyu ne suka haɗu. Abin da ke gane bairas irin na mura da korona a cikin ƙwayar garkuwa ana kiransa TLR7, umarnin ƙera shi kuma a kan kuromosom X yake, wato ɗaya daga cikin ƙullin gadon halitta da ke cikin ƙwayoyin jiki. Mace na da X biyu, na uwa da na uba. Namiji X ɗaya gare shi daga uwa, sai Y daga uba. Jikin mace kan rufe X ɗaya a kowace ƙwaya, amma TLR7 na cikin waɗanda ke kuɓuce wa rufewar a wasu ƙwayoyin garkuwa, sai ta sami rabo biyu, istrojin kuma ya zo ya ƙara wasa shi. Namiji in X ɗinsa tilo ya zo da tawaya, ba shi da madadi. A 2020 likitoci a Holan sun ba da rahoton samari huɗu, wa da ƙane daga gida biyu, lafiyayyu 'yan ƙasa da shekara 35, waɗanda korona ta yi wa mugun kamu har ɗaya ya rasu. Da aka bincika sai aka tarar TLR7 ɗinsu ne ba ya aiki. Wani binciken na shekarar ya gano cewa kusan ɗaya cikin goma na waɗanda korona ta kai bakin kabari, jininsu na ɗauke da makaman da ke kashe intaferon ɗin jikinsu da kansa. Cikin mutum 101 da aka samu da wannan matsala, 95 maza ne. Ki lura rabin wannan labari gado ne, ba homon ba, shi ya sa tsohuwar da ta daina al'ada shekara ashirin da suka wuce ma takan fi tsohon da suke sa'a tsira.

Testostaron kuwa mai kwantar da garkuwa ne. Wani bincike a Jami'ar Stanford ta Amurka ya nuna mazan da testostaron ɗinsu ya fi yawa su ne allurar rigakafin mura ta fi yi wa ƙaramin tasiri. Wani gwajin da aka wallafa a 2008 ya nuna rabin allurar a jikin mace kan samar da kariya kwatankwacin cikakkiya a jikin namiji. Shi ya sa mata suka fi kukan ciwon dantse da zazzaɓi bayan rigakafi. Ba raki ba ne, jikin ne ya amsa da ƙarfi.

Da a nan maganar ta tsaya, sai a ce a rage wa maza testostaron a huta. An kuwa gwada. Akwai wani sinadari, TMPRSS2, da ke taimaka wa korona buɗe ƙofar ƙwayar huhu, kuma an san homon maza ne ke kunna shi a furostet, gaɓar nan da ke ƙarƙashin mafitsarar namiji. Sai aka ba mazan da ke kwance da korona magungunan toshe testostaron a Suwidin da Amurka. Ba su amfana ba. Na Suwidin ma dakatar da shi aka yi da wuri, domin waɗanda aka ba maganin sun fi daɗewa a asibiti. A ɗaya gefen, mazan da cutar ta fi tsananta wa ana tarar da testostaron ɗinsu ya yi ƙasa sosai. Masu tallar allura kan riƙe wannan su ce ga hujja. Amma ciwo mai tsanani da kansa yana kayar da testostaron cikin 'yan kwanaki, haka tsufa da ƙiba da ciwon suga, waɗanda dama su ne ke sa mura ta yi muni. Hayaƙin aka gani aka ɗauka shi ne wutar.

Saurin garkuwar mace ma yana da kuɗinsa. Wutar da ke saurin kamawa ba ta san bukkar mai ita ba. Cikin masu cututtukan da garkuwa ke juyowa ta ci jikin mai ita, kusan huɗu cikin biyar mata ne. A cutar lufus tara cikin goma ne. Gajiya da haki da ke jan watanni bayan korona sun fi kama mata. Asma ta fi yawa a yara maza kafin balaga, bayan balaga sai ta juye ta fi yawa a mata. A gwaje-gwajen ɓeraye na Farfesa Sabra Klein a Jami'ar Johns Hopkins, matan ɓeraye ne murar infuluwenza ta fi kashewa, ba don bairas ya fi yawa a huhunsu ba, sai don kumburin ya wuce kima, testostaron kuma ya taimaka wa mazan wajen lafar da shi. Don haka bairas ɗin da ake magana a kai da shekarun mai ciwon suna iya juya amsar.

Yanzu ga ƙanwarki, kuma nan nake so a fi sa kunne. Mai ciki na ɗauke da istrojin da furojestaron fiye da kowane lokaci a rayuwarta, amma tana cikin waɗanda mura ta fi yi wa haɗari. Istrojin kaɗan yana zuga garkuwa, mai yawa irin na ciki kuma lallashinta yake yi. Dole ne hakan, domin rabin halittar ɗan tayi daga uba take, in ba a sassauta garkuwar uwa ba za ta ɗauke shi baƙo. Wannan sassauci yana rage kaifin ƙwayoyin da ke farautar bairas. Sai kuma matsin wuri: a watannin ƙarshe mahaifa kan tura tantanin da ya raba ƙirji da ciki sama da kusan santimita 4, iskar da ke saura a huhu bayan fitar da numfashi ta ragu da kusan kashi ɗaya cikin biyar, alhali buƙatar oksijin ta ƙaru da kusan haka, jini ya ƙaru da kashi 40 zuwa 50 cikin ɗari, zuciya na aikin mutum biyu. Rumbun ya ƙanƙance, masu ci sun ƙaru. Ɗan ruwan huhun da wata za ta ɗauka tana daka, mai cikin wata bakwai zai iya kayar da ita cikin yini guda. In aka haɗa da ƙarancin jini, wanda ya yi katutu a matan karkararmu, abin ya ƙara muni. A murar aladu ta 2009 a Amurka, masu ciki kusan kashi 1 ne cikin ɗari na jama'a, amma kashi 5 ne na waɗanda suka mutu. Haɗarin bai ƙarewa ranar haihuwa, yana bin mai jego har kusan mako biyu.

A kan mai jego akwai wani tarko na musamman a ƙasarmu. Yankin Kano na cikin wuraren da aka fi samun raunin zuciya bayan haihuwa a duniya. Mai jegon da ke haki, ƙafa ta kumbura, ba ta iya kwanciya sai an tara mata matasai, tana tari da dare, kada a ce sanyi ne ya shige ta a ƙara mata ruwan zafi da kunun kanwa. Zuciya za a duba.

Jarirai ma akwai bambanci. Homon maza kan jinkirta nunar huhun ɗan tayi, kuma hanyoyin iskar jariri namiji sun fi ƙanƙanta idan aka gwada da girman huhunsa, shi ya sa bakwaini namiji da jariri namiji suka fi shan wuyar murar da ke sa numfashi fito.

Duk da wannan bayani, in za a auna abin da ya kayar da maigida, jinsi ne ƙarami a kan sikeli. Shekaru da ciwon suga sun fi shi nauyi nesa ba kusa ba. Mace-macen da aka yi a Kano a Afrilu da Mayun 2020, waɗanda ministan lafiya na lokacin, Osagie Ehanire, ya ce kashi 50 zuwa 60 cikin ɗari na da alaƙa da korona, dattawa suka fi kwasa. Suga mai yawa a jini na kasalar da ƙwayoyin garkuwa, mura kuma na ƙara hauhawar sugan, kowanne na ingiza ɗan'uwansa. Sannan ga yadda muke rayuwa. Namiji ne ke cin kasuwar Maigatari ran Alhamis da ta Wudil ran Juma'a, a mota cunkushe gilashi a rufe saboda ƙura. Shi ne mai sigari. Shi ne kuma mai cewa "ɗan mura ne" har kwana bakwai, sai ya kasa zuwa masallaci a san da magana. Mace kuma shekara da shekaru tana shaƙar hayaƙin kara da itace a madafi, ita ke jinyar yara, kuma zuwanta asibiti sai da izini da kuɗin mota. Wadda ba a kai asibiti ba ba ta shiga lissafin kowa, don haka ina ganin alƙaluman da ke nuna mata sun fi tsira suna ɗan yi wa matan ƙauye kwalliya.

Allurar testostaron ba ta hana mura, ba ta rage tsananinta. Tana kaurara jini har ya iya daskarewa a jijiya, tana tsayar da samar da maniyyi, tana iya tayar da ciwon furostet da ke kwance. Likita ba ya ba da ita sai ga mai alamun ƙarancin, bayan an auna jini da safe sau biyu a ranaku daban-daban, kuma ba a aunawa mutum na tsakiyar ciwo. Haka mace kada ta sha ƙwayar tazarar haihuwa da niyyar kariya daga mura; mai istrojin a ciki tana ƙara haɗarin daskarewar jini, wadda ke shanta kuma in ciwo ya kwantar da ita ta gaya wa likita. Wanda ya fi damuna ma shi ne deksametazon, wato deksa, da ke yawo a ƙullin haɗin kemis da cikin sha-ka-fashe. Gwajin da aka yi a Birtaniya a 2020 ya nuna yana ceton rai a korona, miligiram 6 a rana har kwana 10, amma ga wanda ya riga ya kai ga buƙatar oksijin kaɗai. A kwanakin farko, daidai lokacin da ake son ihun nan ya fita, toshe bakin mai ihun yake yi, ga mai ciwon suga kuma ya harba sugan sama.

Abin da wannan ilimi zai canza a gidanki shi ne wa za a sa wa ido. In mura ta shigo, mutum huɗu ne: maigida, mai ciki ko mai jego, jariri, da duk tsohon da ke gidan. Ma'aunin da ya fi arha shi ne ƙirga numfashi. A bar mutum ya zauna ya huta minti biyar, a ɗora hannu a saman cikinsa kamar ana jin zafin jiki don kada ya lura ya canza numfashin, a kunna agogon waya a ƙirga ɗagawar ƙirji minti ɗaya cur. Babba lafiyayye 12 zuwa 20 yake yi. Ya kai 24 yana hutawa, ma'aikacin lafiya ya gan shi a ranar. Ya kai 30, mota za a nema. Jariri ƙasa da wata 2, 60 ne iyaka; wata 2 zuwa 11, 50; shekara 1 zuwa 5, 40. A ɗaga rigar yaro a duba: in ƙasan haƙarƙarinsa na lotsawa ciki duk sanda ya ja numfashi, ko ya kasa kama nono, ba a kwana da shi a gida. Ga babba, kasa ƙarasa magana ba tare da tsayawa shan iska ba, ruɗewa, barcin da ba a saba ba, ciwon ƙirji, ko cikin leɓe da harshe su koma toka-toka, duk alamun tafiya ne.

In akwai 'yar na'urar auna oksijin da ake maƙalawa a yatsa, a ɗumama hannun tukuna, domin yatsa mai sanyi a hunturu ƙarya yake sa ta yi. A zaɓi yatsan da ba shi da baƙin lalle ko jan farce, a jira lambar ta tsaya. Daga 95 zuwa sama daidai ne, 92 zuwa ƙasa asibiti ne kai tsaye, mai ciki kuwa da ta sauka ƙasa da 95 a tafi. A baƙar fata na'urar kan ƙara maki biyu ko uku a kan gaskiya, saboda haka in lamba ta ce lafiya amma mutum na haki, mutumin za a gaskata.

A kula da kwanaki. Korona ta fi juyewa tsakanin kwana na 5 da na 10, daidai sanda ake cewa an samu sauƙi. A infuluwenza kuma, wanda ya warware sannan zazzaɓi ya dawo da majina mai kauri da sukar haƙarƙari, galibi bakteriya ce ta hau kai ta zama limoniya. A nan ne maganin kashe bakteriya ke da amfani, ba a ranar farko ba, don ba ya taɓa bairas. Duk zazzaɓi a yi gwajin maleriya na tsinken yatsa kafin a yanke cewa mura ce. Tarin da ya wuce mako biyu a kai majina gwajin tarin fuka, kyauta ne a cibiyoyin gwamnati, kuma shi ma ya fi kama maza. Ciwon maƙogwaro da kumburin wuya da farin tantani a ganɗa, musamman a yaro, mashaƙo ne ake tsoro.

Na zazzaɓi, farasitamol ya isa: babba ƙwaya biyu masu miligiram 500 kowace awa 6, kada a wuce ƙwaya 8 a yini da kwana, kuma a duba maganin mura na kwali ko na kwalba, da yawansu akwai farasitamol a ciki, sai a ninka ba a sani ba. Mai ciki ta guji ibufurofen da dikulofenak, musamman daga wata na biyar. Yaro kada a ba shi asfirin. Zazzaɓin mai ciki a sauke shi da wuri, ta sha ruwa sosai, ta kwanta ta gefen hagu, in motsin ɗa ya ragu kuma ba a jira gari ya waye. Akwai maganin infuluwenza, oseltamibir, miligiram 75 sau biyu a rana kwana 5, ana ba masu ciki, kuma ya fi aiki in an fara cikin awa 48 na farko. Wannan ma dalili ne na zuwa da wuri. Maigida ya riƙa auna suga sau uku ko huɗu a rana in yana ciwo, kada ya ajiye insulin don ba ya cin abinci, in kuma amai ko rashin shan ruwa ya shigo a tambayi likita game da ƙwayar ciwon suga ta metfomin, domin akan dakatar da ita a irin wannan hali.

Kafin hunturu ya kama, a daidaita sugansa, a tambaya a asibiti ko akwai rigakafin mura ko na korona da zai samu shi da mai ciki, a mai da murhu inda iska ke ratsawa, a daina kwana da garwashi a ɗaki rufe. Ku tambayi ma'aikacin lafiyar ƙauyenku wane asibiti mafi kusa ne ke da oksijin a shirye, na Ringim ne ko sai an dangana da Dutse ko Kano, ku kuma ajiye lambar mai mota biyu a wayarki da ta 'yarki, don in ta ɗaya a kashe take da dare a kira ɗayan.